Abin Da Ya Sami Malam Garba Ta Hannuna

Runjin Sambo, Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ki kin sauka lafiya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba.

Da baki na so in gaya miki wanga zance, amma kin san halina, in na fara magana sai in ɓige da faɗa, ke kuma ki ce "to Inna" ki tashi. Batun salla da sutura kin sha shi tun kina ƙarama, ba zan maimaita ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na gan ki kina rajistar bautar ƙasa a tsakar gida. Kina latsa waya kina hira da ƙawarki, duk abin da shafi ya tambaya ki zuba masa, ko kallon adireshin ba ki yi ba. Can inda za ki ma haka za a yi ta neman ki cika wannan ki aika wancan, ba ni kusa, ba yayanki Aminu kusa. Ni ma na taɓa latsawa haka, kuma wani ne ya sha wuyar. Kina makaranta lokacin da anka kama maƙwabcinmu Malam Garba. An ce miki kuskure anka yi, an sake shi. Gaskiya ne. Abin da ba a gaya miki ba shi ne ta hannun wa kuskuren ya biyo.

Shekarar da anka ce 'yan fansho su tantance kansu ta intanet, wayar babanki, Allah Ya jiƙansa, ita nake riƙe da ita. Na buɗe shafin gwamnati, ya fara buɗewa sai ya tsaya. Ya rubuto cewa burauzata ta tsufa, wato manhajar da ake shiga shafuka da ita, sai na sabunta ta kafin ya bar ni in wuce. Raina ya ɓaci. Na ƙare ƙuruciyata ina karɓar haihuwa a asibitin gwamnati, yau kuma an wayi gari wayata ba ta isa a saurare ta ba. Ga shi sabuntawar tana son wuri, wurin kuwa hotunan babanki da saƙonnin muryarsa sun cika shi. Aminu ya ce in bari ya kwashe su ya adana mini a kwamfutarsa. Na ce ba mai taɓa mini su. Na zauna na yanke hukunci ni kaɗai cewa wayo ne, so ake tsofaffi su gaji su bar haƙƙinsu, ko kuwa an haɗa baki da masu sayar da waya.

Kin ga inda na fara kai zargina, kan abu ɗaya da ke ƙoƙarin tsare ni. Ni da ban taɓa yi wa mai ciki allurar da wa'adinta ya wuce ba, sai ga ni na dage sai na shiga da manhajar da wa'adinta ya wuce. Tsohuwar burauza tana da ɓaraka wadda ɓarayi sun daɗe da sani, masu yin ta kuma sun toshe a sabuwa. Saboda haka in shafin gwamnati ya ce ki sabunta, ki sabunta. Amma ki rufe shafin tukuna, ki shiga ma'ajiyar manhajoji ta cikin wayarki ki yi da hannunki. Duk wani maɓalli da ya faɗo miki yana ƙyalli yana cewa latsa nan ki sabunta, kada ki taɓa shi. In waya ta tsufa har ba ta iya ɗaukar sabuwa, to ta gama aikin takardun hukuma, a bar ta ga kira da gaisuwa.

Malam Garba kin san shi da kiwon tumaki a ƙofar gida, amma shi ne direban motar asibitinmu tun kafin a haife ki. Tare munka yi aiki, tare munka yi ritaya. Bai yi boko ba, karatun allo gare shi, don haka duk takardar da ta zo masa da rubutun Bature wurina yake kawo ta. Da ya ji zancen tantancewa ya yi sallama da ambulan ɗinsa a hannu.

"Sista, ni mi na sani ga wanga abu? Ki yi naki ki yi nawa."

Ban iya ce masa wayata ta ƙi ba. Na ce mu tafi shagon kwamfuta, can an fi sauri. Munka hau keke zuwa Tudun Wada, wani shago kusa da masu walda, cike da tsofaffi irinmu kowa da ambulan. Mai shagon mutum ne mai fara'a, hannunsa ba ya tsayawa. Ya karɓi katunanmu na ɗan ƙasa ya ɗauki hotonsu a na'ura, gaba da baya. Ya ce, "Hajiya, faɗi kalmar sirrin da kike so in sa miki." Na faɗa da ƙarfi saboda ƙarar walda, sunanki ne da shekarar haihuwarki, duk ɗakin na ji. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana tambaya ko a adana kalmar. Kafin in gama karantawa ya latsa e. Ana cikin haka sabis ya ɗauke. Munka jira har rana ta take, ya ce mu dawo gobe. Munka karɓi katunanmu munka fito, hotunansu kuwa suna can cikin kwamfutarsa. Ko a raina bai zo ba in ce ya goge.

A bakin shagon na sayi ƙosai. Takardar da anka naɗe mini shi fotokwafin katin wani bawan Allah ce, ga sunansa, ga lambarsa, mai ya jiƙa rabin fuskarsa. Na nuna wa Malam Garba ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Allah shi sa ba da namu za a naɗe na gobe ba."

Rukayya, kwamfutar da kowa ke zama a gabanta ba ta riƙe amana. In dole ta kai ki irin wanga shago, ke za ki zauna kan kujerar, ke za ki rubuta kalmar sirrinki, kuma kada ta zama sunan wani naki da kowa ya sani. In ta tambaya ko a adana, ki ce a'a. In kin gama ki fita daga shafin ta maɓallin fita, rufe shi kawai bai wadatar ba. Ki tsaya a kan mai shago ya goge hoton katinki kina gani, ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa. Takardar da ta ɓaci wurin bugawa ma ki karɓe ta ki tafi da ita. Zai ce ba ki yarda da shi ba ne. Ki ce masa e, ki yi masa godiya.

Ba mu koma shagon ba, saboda da maraice saƙo ya shigo guruf ɗinmu na tsofaffin ma'aikatan asibiti. Hajiya Balki ce ta turo, aminiyata, wadda munka yi shekaru muna karɓar aiki hannu da hannu a ɗakin haihuwa. Linki ne, da bayani a ƙasa cewa an tausaya wa tsofaffi an buɗe sabon shafi mai aiki a kowace irin waya, amma a hanzarta, za a rufe. Na latsa. Ya buɗe nan take, ba gardama, ba zancen burauza. Ga tambarin ƙasa, ga kore da fari, har da hoton wata tsohuwa tana murmushi. Na ce alhamdu lillahi, ashe akwai masu hankali a ofishin nan.

Na aika anka kira Malam Garba. Ya zauna a zaure na cika nawa na cika nasa. Lambar katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, lambar waya, hoton kati, hoton fuska. Da na ce masa sunan mahaifiyarsa ake so, ya ɗago kai ya dube ni.

"Gwamnati mi za ta yi da sunan tsohuwata?"

Na ce, "Malam Garba, haka tsarin yake." Da muryar da nake yi wa majinyata magana na faɗa, muryar da ba a mayar mata da tambaya.

Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙo mini. Wani ne mai ladabi, Hausarsa tas, ya gai da ni ya tambayi gajiya. Ya ce daga ofis ne, sun ga bayanan Baba sun shigo, saura abu ɗaya, an turo wasu lambobi ta saƙo a karanto masa don a rufe fayil. Na buɗe saƙon. A ƙarƙashin lambobin an rubuta kada a faɗa wa kowa. Na gani da idona. Na ce a raina ai kowa daban, ofis daban. Na karanto masa su ɗaya bayan ɗaya, har ina maimaitawa don kada ya yi kuskure. Ya ce Allah Ya saka da alheri, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya.

Ki riƙe wannan da kyau. Shafin da ya ƙi ni shi ne na gaskiya, wanda ya yi mini maraba shi ne na ɓarayi, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Tambari da launin tuta kowa na iya kwafa. Abin dubawa shi ne adireshin da ke can sama, harafi bayan harafi, domin sukan canza harafi ɗaya ko su ƙara wata kalma a wutsiya. Na hukuma yawanci da gov.ng yake ƙarewa, ba a ƙara wata kalma a bayansa. Alamar kwaɗon kulle ƙofa da ke gefen adireshi in babu ita ki gudu, amma ganinta bai isa shaida ba, na ɓarayin nan ma da kwaɗonsa. Mafi aminci ki samo adireshi daga takardar ofishin ko allon sanarwarsu, ki rubuta da hannunki. Linkin da ya biyo ta guruf kada ki bi shi, ko limamin unguwa ne ya turo, domin shi ma turo masa anka yi. Duk saƙon da ke cewa yi maza za a rufe, so yake ki latsa kafin hankalinki ya iso. Lambobin da ake turowa ta saƙo kuwa ba ma'aikacin gaskiya da zai buga waya ya nema.

Kuskurena na gaba ya fi waɗannan duka muni, don su da jahilci na yi su, shi kuwa ina sane.

Da lokaci ya ja ba mu ga alamar an tantance mu ba, na haƙura na ba Aminu wayar. Ya kwashe hotunan babanki, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya sabunta burauzar kafin ruwan shayi ya tafasa. Shafin gwamnati ya buɗe, Aminu ya yi mana tantancewar ni da Malam Garba. Sai ya ga wancan linkin, ya duba, ya dube ni.

"Inna, mi kika sa a nan?"

Na ce komai.

Ya ce shafin ƙarya ne, in tashi mu je mu kai rahoto, a gaya wa Malam Garba, a bincika ko an yi wani abu da sunayenmu. Na ce ai ba abin da ya ɓata, ga fansho ya shigo, kada ya tayar wa tsoho da hankali. Gaskiyar magana ba hankalin tsoho nake tsarewa ba. Kunya nake ji in tsaya gaban mutumin da ke kira na Sista in ce an yi mini wayo kamar ƙaramar yarinya. Na canza kalmar sirrina, na yi shiru.

Bayan wasu watanni, ranar wata Laraba da la'asar, Asabe matar Malam Garba ta shigo gidan nan ba sallama, mayafinta a hannu. Ta ce jami'an tsaro sun tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, sun sa shi a mota. Ba su faɗi laifinsa ba.

Sai da munka yi yawo kafin mu gano inda yake. Jami'in da ya saurare mu ya ce akwai layukan waya da anka yi wa rajista da sunan Malam Garba da lambar katinsa da hotonsa, kuma da su masu garkuwa da mutane ke kiran dangin waɗanda sunka sace. Na ce mutumin nan ko saƙo bai iya rubutawa ba. Jami'in ya ce, "Hajiya, duk wanda anka kawo nan haka danginsa ke cewa." Ban ga laifinsa ba. Akwai mutane a daji ɗaure, iyalansu na kuka, sunan da ke gabansa kuma na Malam Garba ne.

Nan na buɗe baki na faɗi abin da na ƙi faɗa tun farko, Asabe na tsaye tana ji. Na nuna linkin, na nuna lambar da ta kira mu a ranar, wadda ke nan cikin wayar Malam Garba da ke hannunsu. Jami'in ya rubuta, sannan ya tambaye ni yaushe na san shafin na ƙarya ne. Na faɗa. Ya ajiye biro.

"Da kin zo a lokacin, da yanzu akwai takarda a nan da ke wanke shi. Yanzu sai mun bi diddigi."

Bin diddigin ya ɗauki makonni. Malam Garba na da ciwon suga. Ya shiga da ɗan rauni a ƙafa, ya fito da gyambo, sai da anka cire masa yatsu biyu. Ni na riƙa wanke masa ƙafar kullum da safe, shi yana kallon bango, ni ina kallon ƙafa. Asabe takan kawo ruwan zafi ta ajiye ta fita. Ciwon da ba a iya wankewa kuwa shi ne bakin mutane. Kin san yadda kalmar infoma, wato mai kai wa masu garkuwa rahoto, take a ƙasar nan yanzu. An sake shi, hukuma ta ce ba shi da hannu, amma har yau akwai masu sauke murya in ya zo wucewa, suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Wanda ke sayen tumakinsa duk shekara ya daina zuwa.

Saboda haka in kin taɓa latsa abin da bai kamata ba, ko kin karanta wa wani lamba, ranar nan ki faɗa. Ki canza kalmar sirri, ki je ofishin da abin ya shafa da ƙafarki, ki sa a rubuta, ki karɓi shaida ki adana. Ki je wurin kamfanin layinki a duba layuka nawa ke ɗauke da sunanki. Ni da na je, an iske guda wanda ban san shi ba, an rufe. Kada ki goge saƙon don haushi, shi ne shaidarki. Kunyar rana ɗaya ce, ni na guje ta, dubi abin da na saya da ita.

Daga nan na zama mai zargin kowa. Na tafi gidan Hajiya Balki na tsaya a tsakar gida ko zama ban yi ba, na ce ta gaya mini wa ya ba ta linkin da abin da anka ba ta. Ta yi kuka. Ta ce surukarta ta turo mata, surukar ta ce daga guruf ɗin islamiyya, daga nan zare ya ɓace. Ita ma ta cika, ita ma ta karanta lamba. Muna gaisawa yanzu, amma ta daina shigowa ɗakina, kuma ni na jawo. Na koma Tudun Wada, na iske shagon ya zama wurin cajin waya, mai fara'ar nan an ce ya bar gari. Ko gudu ya yi, ko kasuwa ce ta ƙi, Allah ne masani. Har yau ban san ta wace ƙofa ɓarawon ya shigo ba, ta shago ko ta linki, tunda duka biyun ni na bar su buɗe. Abin da na koya a makare shi ne, zargi a kan saƙo ake ɗora shi kafin a latsa. In an bari sai bayan ɓarna, kan mutane yake sauka, kuma yawanci kan waɗanda ba su ci ba su sha ba.

Da tantancewa ta sake zagayowa, na ɗauka Malam Garba zai kai takardunsa wani wuri. Sai na ji sallamarsa a zaure, yana dogara sanda, ambulan a hammata. Ya zauna. Bai miƙo mini ba tukuna.

"Karanta mini abin da ke can sama, Sista. Baƙi baƙi."

Na karanta masa adireshin harafi bayan harafi. Ya fito da wata 'yar takarda da ya sa anka rubuto masa daga ofis, ya ce in haɗa su yana kallo. Bai san haruffan ba, amma ya bi su da yatsa yana gwada siffa da siffa. Sannan ya ba ni kati. Na cika. Da shafin ya ce an tura lambobi zuwa wayarsa, na miƙa hannu kamar yadda na saba. Ya janye wayar ya kifa ta a ƙirjinsa.

"Nuna mini inda ake sa su. Lamba dai na iya."

Na riƙe masa wayata na kawar da kai. Ya daɗe yana latsawa da yatsa ɗaya. Ina jin numfashinsa, ina kallon ƙofar zaure, idona ya cika. Mutumin da munka kai mata masu naƙuda asibiti tare cikin ruwa da rana, yau yana ɓoye mini lamba. Ya yi mini zafi, kuma daidai ya yi. Da ya gama ya ce in fita daga shafin yana gani. Ya tashi, ya yi mini godiya kamar kullum, ya ce a gai da yara.

Haka nake so ki zama, Rukayya. Ko saƙo ya zo miki da sunana da hotona, ko kin ji murya kamar tawa tana cewa ki karanto wata lamba da gaggawa, ki kashe wayar ki kira Aminu. In ma ni ce da gaske, ki hana ni. Ba zan yi fushi ba, in na yi ma zan huce.

Allah Ya kai ki lafiya Ya maido ki lafiya. Allah Ya tsare miki sunanki kamar yadda nake roƙon Ya tsare jikinki, kada Ya sa wani ya cutu ta hannunki, kada Ya ba wani iko ya cuce ki. Ya sa ki gama cikin rufin asiri mu gana da alheri. Aminu na gaisuwa. Malam Garba ya ce in gaya miki ya sa ki cikin addu'a.

Wassalam.

Innarki.